Daren da Mutanen San Pedro Ke Taka Wuta

Mutumin Damargu ba baƙon zafi ba ne. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Tanut ya san rairayin Afrilu da Mayu, lokacin da iska kanta ke haura digiri 40, ƙasa kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Yaron da aka aika da tsakar rana babu takalmi gudu yake daga inuwar katanga zuwa inuwar aduwa, in ya tsaya yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Shi ya sa da aka ce mini akwai wani ƙauye a Sifaniya inda mutane ke tuɓe takalmi su bi ta kan garwashi, wasu har da mutum goye a baya, na ce a raina ɗaya cikin biyu ne: ko tsafi, ko rufa-ido.

Tumaki ne suka kai ni can. Aikin dabbobi nake yi, kuma rigimar da muka fi sani a Tanut da Belbeji ita ce ta burtali. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonakin gero sun daɗe da tsallake ta, makiyayi ya taso da garkensa ya tarar hanyar kakanninsa ta zama gona. Sifaniya ma na da nata burtalan, kusan kilomita 125,000, waɗanda dokar 1995 ta kare, manyansu faɗin mita 75. Aka kai mu lardin Soriya, cikin tsaunukan arewa, mu ga yadda suke yi. Ƙasar makiyaya ce tun kaka da kakanni, da hunturu a kora tumaki kudu, in sanyi ya wuce a dawo. Yanzu jama'a sun watse birane, lardin duka bai kai mutum 10 a kowace murabba'in kilomita ba. A ƙauyen Onkala har gidan tarihi suka gina wa kiwo, alamar sana'ar ta fara komawa labari ke nan.

Muna cikin wannan zagaye 23 ga Yuni ta riske mu kusa da San Pedro Manrike, sai tafintanmu ya ce ai ba a kwana a yankin nan a daren nan ba a je an ga wuta ba. Ƙauye ne na mutum wajen 600, a kan tudu sama da mita 1,000, gidajen dutse, lunguna matsattsu. Amma a ranar ko'ina mota ce, 'ya'yan garin da ke ci-rani a manyan birane duk sun dawo, ga baƙi da kyamarori. Abin da ya fara ruɗa ni ma rana ce. Ta ƙi faɗuwa. Sai dab da ƙarfe 10 na dare muka yi Magariba. Tana faɗuwa kuwa sanyi ya sauko daga duwatsu, a watan da mu a gida muke jiran ruwan shuka cikin gumi.

A gefen wata ƙaramar majami'a da ke kan tudu suka gina dandali na matakalar dutse, zagayayye, mai cin mutum 3,000. A tsakiyarsa aka jera itace mai tauri kimanin tan 2, aka cinna masa wuta tun da sauran haske, aka bar shi yana ci sa'o'i. Da harshen wutar ya kwanta sai wasu dattawa suka shigo da dogayen sanduna. Su na fi kallo, don sun fi kowa sanin aikin. Suna dukan garwashin suna farfasa manyan, suna jan shi suna bajewa, suna daidaita gefe da gefe, har ya zama doguwar shimfiɗa kamar tabarma, ja jawur, ba tudu ba kwari. In wani guntun itace bai gama ci ba sai su fiddo shi gefe. Ni da ke zaune a matakalar ƙasa sai da na kare fuska da hula. Masu bincike da suka taɓa auna saman garwashin nan sun sami digiri 677.

Da dare ya raba, masu takawa suka shigo, ƙafar wando a naɗe, suka riƙe hannun juna suna zagaya wutar da rawa, makaɗa na busa. Can aka busa ƙaho, dandalin nan mai mutum dubbai ya yi tsit. Mutum na farko ya duƙa, wata budurwa ta hau bayansa, ɗaya daga cikin 'yan mata uku da ake zaɓa kowace shekara su zama fuskar bikin. Ya tsaya a bakin garwashin, ya buga ƙafa a ƙasa, ya sake bugawa, sannan ya shiga. Bai yi gudu ba, bai kuma yi sanɗa ba. Tafin ƙafa gaba ɗaya yake kafawa da ƙarfi, dam, dam, dam, tartsatsi na tashi zuwa gwiwarsa, a bayansa kana ganin baƙin sawu inda ya danne wutar kafin ta sake yin ja. Daƙiƙa huɗu ko biyar ya fita. Dandali ya ɓarke da ihu, danginsa suka rufe shi da runguma. Aka sake daidaita garwashin, aka sake busa ƙaho. Uba ya goyo 'yarsa, saurayi ya goyo uwarsa, har mata na gani sun taka.

Bayan an tashi na roƙi tafinta ya haɗa ni da ɗaya daga cikinsu, wani magidanci mai furfura a gemu. Ya zauna a kan matakala ya ɗora ƙafa a gwiwa yana dariya, da alama ba ni ne na fara tambaya ba. Tafin baƙi ƙirin da toka. Ya goge da tsumma, na duƙa na duba da fitilar waya. Na zaci zan ga kaushi irin na makiyayanmu, wanda ƙarangiya ba ta hudawa. Ina! Ƙafar mutumin da ke cikin safa da takalmi shekara duka ce, ta fi tawa laushi. Wuri ɗaya kawai, a gindin ƙaramin yatsa, ya ɗuri ruwa, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce wani ɗan garwashi ne ya maƙale. A garin ana cewa ɗan San Pedro ne kaɗai wuta ba ta ci. Wasu na danganta abin ga waliyyiyar majami'arsu, wasu ga jini. Shi kuwa da na matsa masa, cewa ya yi ubansa abu biyu ya koya masa: ka taka da ƙarfi, kuma in ka shiga kada ka sake shawara.

Abokin tafiyata, mutumin Belbeji, tun da aka busa ƙahon farko yake ta'awwuzi. A mota ya ce mini, "Malam, wannan ai shiga hurumin annabawa ne." Na ce masa a'a, Alhaji, Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, jefa shi aka yi cikin wuta mai ci, Allah ya mayar da ita sanyi. Wannan mu'ujiza ce, ba ta da alaƙa da taku shida a kan gawayi. Musulmi ma sun daɗe da sanin wannan wasa. Ibn Baɗuɗa, wanda ya biyo ta Takadda a ƙasar Abzin a 1353, ya ba da labarin cewa tun 1327 ya ga mabiya ɗariƙar Rifa'iyya a Ummu Ubaida, kusa da Wasiɗ a Iraƙi, suna rawa cikin wuta, wasu na birgima, wasu na sa garwashi a baki. Kafin nan, a 1305, Ibn Taimiyya ya yi muƙabala da 'yan wannan ɗariƙa a gaban gwamnan Dimashƙa. Ya ce wasu mayuka suke shafawa, kuma ya yarda ya shiga wuta tare da su, da sharaɗin kowa ya fara wanke jikinsa da ruwan zafi da ruwan khal. Ko me mutum yake gani game da shi, a wanke fata sannan a gwada tunani ne na mai bincike.

Sai bayan shekara 630 aka yi irin wannan gwaji a gaban ma'auni. A watan Satumba na 1935, a Karshalton kusa da Landan, wani mutumin Kashmir mai suna Kuda Bux ya taka ramin garwashi mai zafin digiri 430, bayan likitoci sun duba ƙafafunsa an wanke su. Ya fita lafiya, ya ce imaninsa ne. Turawan da suka bi bayansa suka ƙone. Da an tsaya nan da maganarsa ta zauna. Amma a 1937 aka sake gwaji da wani Ba'indiye, Ahmed Hussain, sai ga wani Bature, Reginald Adcock, wanda bai riƙe wata addu'a ba, ya taka ya wuce sumul. Shi Hussain kuwa da aka ƙara tsawon ramin, ƙafarsa ta tashi.

Dalilin yana gaban idonmu kullum, ba mu dai lura ba ne. Je ka tashar Tanut ka zauna wurin Ba'abzinen da ke dafa shayi a murhun waya. In garwashi ya gangaro, da yatsu biyu yake ɗaukarsa ya mayar, yana ci gaba da hira. Amma murfin butar, wanda zafinsa bai wuce na tafasasshen ruwa ba, sai ya sa gefen rawani. Garwashin ya ninka murfin zafi sau biyar ko shida, duk da haka murfin ne ke ƙuna nan take. Yawan zafin abu daban, saurin miƙa shi ga fata daban. Gawayi cike yake da ƙananan ramukan iska, ba shi da nauyi, zafin da ke samansa kaɗan ne, wanda ke cikinsa kuwa a hankali yake fitowa. Tokar da ke lulluɓe shi tana ƙara tarewa. Ƙarfe ya fi shi saurin kai zafi sau ɗaruruwa. Ƙafar mutum kuma galibinta ruwa ce, ruwa kuwa yana shan zafi mai yawa kafin ya ɗumama. To in tafin ƙafa ya sauka a garwashi na rabin daƙiƙa, garwashin ne ke saurin hucewa kafin fata ta kai ga ƙonewa. Baƙin sawun da na gani ke nan.

Sai dai rangwamen ɗan kaɗan ne. Kowane taku yana ƙara wa fata zafi a kan na baya, shi ya sa doguwar shimfiɗa ke ƙone gwani. Mai gudu yana kafa yatsu, ƙafarsa ta nutse, garwashi ya hau bayanta inda fata ba ta da kauri. Mai tsoro yana jinkiri. In an bar ƙusa ko waya a cikin itacen, an gama. Dattawan nan masu sanduna su ne rabin asirin. Sauran rabin kuwa, a ganina, nan ne yarda take aiki. Ba ta rage wa garwashi ko digiri ɗaya. Amma mutumin da ya sakankance cewa ubansa ya taka, kakansa ya taka, shi ma ɗan garin ne, takunsa daidai yake fita. Baƙon da ya shiga yana shakka kuwa, shakkar ce ke riƙe masa ƙafa a kan wuta. In ya ƙone sai mutanen gari su ce ka gani, ba namu ba ne, kuma ta wata fuskar ba ƙarya suka yi ba.

Wannan duk maganar ƙuna ce. Raɗaɗi kuma wata magana ce, kuma ita ta fi ba ni mamaki.

A fatarmu akwai wasu ƙananan ƙofofi a bakin jijiyoyi da ke buɗewa in zafi ya kai wajen digiri 43. David Julius ne ya gano su a 1997 ta hanyar barkono, don sinadarin da ke cikin barkono ma su yake buɗewa, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Daga nan saƙo ke tafiya ta hanya biyu, mai sauri da ke sa ka fizge hannu, da mai nawa da ke kawo zugin da ke biyo baya, wadda daga ƙafa zuwa kai takan ɗauki fiye da daƙiƙa guda. Amma saƙon ba ya isa yadda ya taso. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa a cikin lakar baya akwai wurin da ake tace shi, ana iya ƙara shi ana iya rage shi, kuma ƙwaƙwalwa na aiko da umarni daga sama.

Mu mutanen Damargu mun ga wannan a filin shaɗi. Saurayin Bafulatani ya tsaya tsirara daga ƙugu zuwa sama, ya ɗaga hannu, yana riƙe da madubi yana kallon fuskarsa, 'yan mata na gefe, makaɗa na zuga shi. Abokin karawarsa ya zuba masa tsumagiya a haƙarƙari har fata ta tsage, shi ko gezau, har murmushi yake. Ya sha magani, in ji shi, ga layu a damtse. Maganin bai hana fata tsagewa ba, tabon na nan har tsufa. Amma wanda ya ce ƙarya yake, daurewa kawai yake yi, shi ma bai faɗi duka ba. Wani likitan sojan Amurka, Henry Beecher, ya lura da mayaƙan da aka ji wa munanan raunuka a yaƙin duniya na biyu a Italiya, ya wallafa a 1946 cewa kusan kashi uku cikin huɗu ba su nemi maganin kashe zafi ba. Ga soja, rauni na nufin ya tsira daga fagen fama. A 1975 aka gano a Abadin ta Sikotlan cewa jiki na ƙera nasa sinadarin kashe zafi, ɗan'uwan mofin. A 1978 kuma, a San Faransisko, aka yi wa mutanen da aka cire wa haƙori allurar da babu magani a cikinta, aka bar su suna zaton magani ne, wasu suka ji sauƙi. Da aka ba su maganin da ke toshe aikin mofin, sauƙin ya gushe. Wato zaton da suka yi ya sa jikinsu ya fitar da magani na gaske. A Okusfod a 2008 an gwada Kiristoci 'yan Katolika da ɗan jan lantarki suna kallon hoton da suke girmamawa, suka ce zafin ya ragu, na'urar hoton ƙwaƙwalwa kuma ta nuna wani sashe na gaban kai ya tashi aiki. Marasa addinin da suka kalli hoton ba su sami wannan sauƙi ba.

A San Pedro ɗin ma an yi wani awo da nake yawan tunawa. Ivana Konvalinka da Dimitris Xygalatas da abokan aikinsu na jami'ar Arhus ta Denmak sun ɗaura wa mutum 38 na'urar auna bugun zuciya: masu takawa 12, danginsu da abokansu 9, da baƙi 17. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna zuciyar mai takawa da ta nasa da ke zaune a matakala suna hawa da sauka tare, alhali wannan ko motsi bai yi ba. Ta baƙi kuwa ba ta bi ba. Ni a daren ina cikin baƙi, kallo na sha. Matar da ke gefena, wadda ɗanta ke cikin layi, ta damƙe hannun rigata ba ta sani ba, ba ta saki ba sai da ya fita.

Ban yarda a mayar da rashin jin zafi abin alfahari kowane lokaci ba. Duk wanda ya je asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi ya san haka. Likita Paul Brand, da ya yi aiki a Belor ta Indiya tun 1946, ya nuna cewa yawancin yatsun da kuturu ke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Jijiya take kashewa, mutum ya ɗauki tukunya daga murhu bai ji ba, ya taka ƙaya ya yini a kanta, gyambo ya shiga. Masu ciwon sukari ma haka ƙafa ke yi musu, kuma suna ƙaruwa a garuruwanmu. Dattijon da ke taƙama yana ratsa rairayin Mayu ba takalmi ba ya jin komai, ni dai zan so a duba masa jini.

Da na koma gida na nufi maƙera a bayan kasuwa, wurin wani tsoho da ke yi wa gidanmu hauya tun zamanin mahaifina. A ƙasar Hausa in ana maganar wasa da wuta, maƙera ake nufi. Ranar naɗin Sarkin Maƙera, in dundufa ta ɗauka, za ka ga mai shafa jan ƙarfe a hannu da mai kai shi ga harshe, kuma duk suna cewa gado ne da magani. Na tarar jikansa na kan zugazugi, shi yana juya bakin gatari da awartaki cikin gawayin ƙirya. Na gaishe shi, na miƙa masa waya. Ya kalli hoton bidiyon masu taka wutar San Pedro har ƙarshe, ya ce a mayar, ya sake kallo.

"Gawayi ne," in ji shi. "Ɗana, ko matar gida in wutarta ta mutu takan ɗauko garwashi a maƙwabta. Ka ce su shimfiɗa ƙarfe."

Na ce, "Baba, ai ba mai taka ƙarfe ya kai labari. To ku fa, yaya kuke yi?"

Bai amsa ba. Ya ciro gatarin ya ɗora a uwar maƙera, ja har yana ɗaukar ido. Ya tsoma yatsu a kaskon ruwan da ke gefensa, ya shafi ƙarfen sau ɗaya, caɗ, kafin in ƙifta ido hannun ya koma gwiwa. Na san sunan abin a littafi: wani likitan Jamus, Leidenfrost, ya bayyana shi a 1756. Ruwa in ya haɗu da ƙarfe mai tsananin zafi, nan take yakan zama tururi, tururin ya shiga tsakani na ɗan ƙiftawa. Na faɗa masa haka. Ya ce to, shi dai ubansa ya ba shi abin da ya ba shi ya sha tun yana yaro, kuma ya hana shi taɓa ƙarfen da ya fara yin baƙi, don shi ne mai kama fata. Ya juya mini bayan hannunsa da damtsensa, tabo a kan tabo, fari da baƙi. Ya ce waɗannan duk na ranakun aiki ne, na ranar wasa babu ko ɗaya, don ranar wasa hankalinsa na wurin.

Ya mayar da gatarin wuta, ya yi wa yaron alama ya ƙara iska. Can ya ɗago ya tambaye ni itace nawa suka ƙona. Na ce wajen tan 2, amalanke da yawa ke nan. A garin da mata ke yini a daji neman ƙirare, wasu na girki da kashin shanu, sai da jikan ma ya tsayar da zuga.

"A dare ɗaya?"

Na ce a dare ɗaya, Baba.

"Kuma ko buta ba su ɗora a kai ba?"